Ina biyan kuɗin inshorar gini, amma an hana ni ganin takardar

Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a wani gari a arewacin Ingila da maigidana da yaranmu uku, aikin jinya nake yi. Shekara biyar da suka wuce muka sayi gida mai ɗaki biyu da falo a wani bene mai gidaje 14. Irin sayen nan ne na wa'adi: ƙasar da ginin na wani kamfani ne, mu kuma saura shekara 118 a takardarmu. Ni na matsa aka saya, har filin da na gada a gida na sayar muka haɗa da bashin banki.

Duk shekara muna biyan kuɗin kula da gini, a ciki akwai na inshora. Bara fam 380 ne kasonmu, bana fam 610, kuma ban taɓa ganin takardar inshorar da idona ba. Yanzu abu biyu sun haɗe mini. Farashin ruwan bashin gidan da banki ya tsayar mana zai ƙare nan da wata biyu, mun samu wani bankin mai sauƙi, amma lauya ya ce sai mun kawo shaidar cewa ginin yana da inshora. Ana cikin haka ruwa ya yoyo daga banɗakin maƙwabciyarmu ta sama, wata tsohuwar Baturiya da ke zaune ita kaɗai. Silin ɗakin yara ya kumbura, katifa ta jiƙe. Mako bakwai ke nan ina kiran ejan da ke kula da ginin, kullum sai a ce za a kira ni.

Maigida ya ce mu daina biyan kuɗin gaba ɗaya, ko mu sayi tamu inshorar, kuma mu sa tsohuwar ta biya gyara. In ransa ya ɓaci sai ya ce na sayar da fili na sayi gidan da ba namu ba. Wallahi Anti ba na iya barci. Ina tsoron a ce ginin ma babu inshorar. Me zan yi?

Maman yara uku, Ingila

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya kuma tsare yaran. Na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mako bakwai ɗin nan da kika yi kina roƙon abin da doka ta riga ta ba ki. Takardar nan haƙƙinki ce. Ba alfarma ejan zai yi miki ba. Kin yi ta lallashi kamar mai neman rance a hannun maƙwabci, shi ya sa ake juya ki daga yau zuwa gobe.

Matsalar waya ita ce ba ta barin sawu. Kin kira, wata ta ɗauka, ta ce ki yi haƙuri, ta ajiye, shi ke nan magana ta bi iska. Doka kuwa da rubutu take aiki. A Ingila da Wales akwai dokar masu gida da mazauna ta 1985, sunanta Landlord and Tenant Act, kuma sashe na 30A tare da jadawalin da ke ƙarshenta kan batun inshora kawai suka yi magana. Abin da suka ce a taƙaice shi ne, duk wanda yake biyan kuɗin kula da gini wanda akwai kuɗin inshora a cikinsa, yana da ikon rubuta wa mai ginin ya buƙaci taƙaitaccen bayanin inshorar da ke aiki a lokacin. Daga ranar da takardar ta isa hannunsa, kwana 21 gare shi. Bayanin dole ya ƙunshi sunan kamfanin inshorar, da adadin kuɗin da aka yi wa ginin inshora a kansa, da irin haɗurran da ta rufe. In ya ga dama ya turo kwafin takardar inshorar gaba ɗaya maimakon taƙaitawa.

Akwai haƙƙi na biyu wanda a ganina ya ma fi wancan amfani a halin da kike ciki. Kina iya neman a ba ki damar duba ainihin takardar inshorar, da rasiɗai ko wata shaida da ke nuna an biya kamfanin inshorar kuɗinsa, na bana da na zangon da ya gabata. Kina iya cewa a aiko miki da kwafi. Shi ma kwana 21 ne. Zuwa a duba kyauta ne, kwafi kuma an yarda su caji kuɗi daidai gwargwado. Kada ki raina rasiɗin nan. Takarda mai tambari za ta iya nuna an ƙulla inshora, amma rasiɗi ne ke nuna kuɗin da aka karɓa daga hannunku ya isa inda aka ce za a kai shi, kuma shi ne zai amsa tambayar da ke hana ki barci. Wanda ya ƙi bin wannan umarni ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba ya aikata laifi, tararsa tana iya kaiwa fam 2,500, kuma ƙaramar hukuma ce ke da ikon gurfanar da shi. Gaskiya ba kasafai ƙananan hukumomi ke kai irin wannan ƙara kotu ba, ba zan ɓoye miki ba. Amma ejan da ya san aikinsa, da ya ga an ambaci sashen dokar da adadin kwanakin, ya san da mai ido a buɗe yake magana.

Don haka yau ɗin nan, kafin ki tafi aiki ko bayan kin dawo, ki zauna ki rubuta wasiƙa. Kada ta wuce rabin shafi. Ki sa sunanki da lambar gidanki da kwanan wata. Ki ce a ƙarƙashin sashe na 30A da jadawalin dokar 1985 kina buƙatar taƙaitaccen bayanin inshorar ginin, da cikakken kwafinta, da shaidar biyan kuɗinta na bana da na bara, cikin kwana 21. Ki ƙara layi ɗaya cewa ruwa ya yi ɓarna a gidanki ranar kaza, kina son a sanar da kamfanin inshora a kuma ba ki lambar ƙorafin. Ki bar fushi da labarin mako bakwai a waje, suna da wurinsu nan gaba. Ki tura ta imel, ki kuma kai kwafi gidan waya ki karɓi shaidar aikawa, ba a biyan ko sisi a kanta. Doka ta yarda a miƙa takardar ga wanda ke karɓar kuɗi a madadin mai ginin, shi kuma wajibi ne ya isar. Duk da haka ni ina son ki aika wa kamfanin da ya mallaki ginin nasa kwafin kai tsaye. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma sau da yawa mai ginin bai ma san ejan ɗinsa yana zaune a kan wasiƙun mutane ba. Sunansa da adireshinsa dole suna jikin takardar neman kuɗi da ake aiko muku duk shekara. In ba ki gani ba, hukumar rajistar filaye ta Land Registry tana ba da bayanin mai gini ta intanet a kan fam 7, sannan adireshin kowane kamfani yana shafin hukumar rajistar kamfanoni ta Companies House kyauta.

Kafin kwanakin su cika, kada ki naɗe hannu. Ki ɗauko jakar takardun da lauyanku na farko ya ba ku lokacin saye. Kusan kullum mai sayarwa yakan haɗa da kwafin inshorar wancan lokacin. Ta tsufa, banki ba zai karɓe ta ba, amma za ki ga sunan kamfanin inshorar da na dillalin da ya ƙulla ta, kuma mai yiwuwa har yanzu su ne. Ki leƙa allon sanarwa na ƙofar shiga bene, wasu ejan sukan manna takardar a can kusa da akwatunan wasiƙa, mutane su yi ta wucewa ba su kula ba. Ki tambayi duk maƙwabcin da ya sayi gida ko ya sauya banki a bana, domin shi ma sai da aka nemi wannan takarda a wurinsa. A jakar nan za ki samu yarjejeniyar wa'adin gidanku, ki nemi sakin layin da ya yi maganar inshora ki karanta shi a tsanake. Shi zai gaya miki wanda nauyin inshora ke wuyansa: mai ginin ne, ko wani kamfanin mazauna ne da aka kafa don kula da benen.

Dalilin da ya sa nake gaggauta miki samun sunan kamfanin inshorar shi ne silin ɗin nan. Yawancin inshora tana da wa'adin da za a kai rahoton ɓarna a cikinsa. Jadawalin dokar da na ambata ya ba ki damar rubuta wa kamfanin inshorar da kanki, cikin wannan wa'adi, ki bayyana ɓarnar a taƙaice. In kin yi haka, sai lokacin shigar da ƙorafi ya tsawaita zuwa wata shida daga ranar wasiƙarki, ko da ejan yana can yana jan ƙafa. Ki ɗauki hotuna masu kwanan wata: tabon ruwan, kumburin silin, fentin da ya ɗaɗɗago, da katifar. Kada ki bari a fasa a gyara kafin mai tantancewa ya gani, sai dai abin da ya zama dole don tsare lafiya.

Wani abu kuma da ya sauya a 'yan shekarun nan wanda mutane da yawa ba su sani ba. Bayan gobarar benen Grenfell a Landan ranar 14 ga Yunin 2017, wadda ta ci rayuka 72, kuɗin inshorar benaye ya yi tashin gwauron zabi, musamman dogaye da waɗanda aka lulluɓe bangonsu da kayan da ke cin wuta. Da hukumar sa ido kan harkokin kuɗi ta Birtaniya, FCA, ta shiga bincike, sai ta tarar ba tsoron gobara kaɗai ne ke ɗaga farashin ba. Dillalan inshora suna karɓar la'ada mai tsoka, su raba da masu gini da ejan-ejan, alhali mazauna ne ke biyan kuɗin duka ba tare da an gaya musu ba. Daga 31 ga Disambar 2023 hukumar ta wajabta wa kamfanonin inshora da dillalai su fitar da bayani domin masu gidajen wa'adi irinku: abin da inshorar ta ƙunsa, farashinta, da la'adar da aka ci a kanta. Idan bayanin bai iso gare ki ta hannun mai ginin ba, ki nema daga dillalin ko kamfanin kai tsaye. Tashin da kika gani daga 380 zuwa 610 yana iya zama na gaskiya, domin kuɗin gini ya ƙaru, kuma benen da aka sha kai ƙorafin yoyon ruwa a kansa farashinsa kan tashi. Yana kuma iya zama akwai la'ada a ciki. Takarda ce za ta raba gardama. In kin ga abin bai kwanta miki ba, sashe na 27A na wannan dokar ya ba ki damar kai magana gaban kotun musamman ta harkokin gidaje, First-tier Tribunal, ta duba ko kuɗin ya dace. Amma wannan na gaba ne, kada ki haɗa shi da gaggawar yau.

Idan takardar ta iso, ki shimfiɗa ta a tebur ki bi ta da yatsa. Adireshin benenku ne a jiki, ko na wani ginin nasu? Ranar farawa da ranar ƙarewa sun haɗa da yau? Adadin da za ki gani kuɗin sake gina benen ne daga tushe, ba farashinsa a kasuwa ba, don haka kada bambancin ya tsorata ki. Ki duba jerin haɗurran, ki tabbata akwai gobara da ambaliya da yoyon ruwa. Sannan ki nemo kason da ake cirewa daga kowane ƙorafi kafin kamfani ya biya. Na yoyon ruwa yakan fi sauran yawa, har wani lokaci ya kusa cinye kuɗin gyaran ɗaki ɗaya. Yarjejeniyar gidanku ce za ta nuna ko wannan kaso a kuɗin kula da gini za a raba shi, ko wani ne zai ɗauka.

Yanzu bari mu zo kan shawarwarin maigida, kuma ina son ki karanta masa wannan ɓangaren da murya mai taushi. Maganar daina biyan kuɗi na fahimci inda ta fito, mutum ya ga ana karɓa ba a aiki. Amma ina roƙonku kada ku yi. Garin neman gira za ku rasa ido. Rashin biyan kuɗin kula da gini saɓa yarjejeniya ne, za a iya ɗora muku kuɗin lauyoyi, a rubuta wa bankinku, kuma idan bashin ya haura fam 350 ko ya wuce shekara uku, ƙofar neman ƙwace gidan tana iya buɗewa ta hanyar shari'a. Ga shi kuma kuna tsakiyar sauya banki, lauyan zai tambayi ejan ko ana binku bashi. Ku biya, ku rubuta cewa kun biya ne ba don kun amince da adadin ba. Doka ta fayyace cewa biyan kuɗin kaɗai ba ya nufin mutum ya yarda da shi, haƙƙinku na ƙalubalanta yana nan.

Sayen taku inshorar ginin ma ba zai warware muku ba. Rufin benen da harsashinsa da matakalarsa ba a hannunku suke ba, banki kuma inshorar ginin gaba ɗaya yake son gani. Za ku biya sau biyu a kan abu ɗaya. Wadda ta kamata ku saya, in ba ku da ita, ita ce inshorar kayan cikin gida. Katifa da tufafi da talabijin ba sa cikin inshorar gini, kuma wannan shi ne wurin da mutanenmu da yawa ke shan mamaki ranar da abu ya faru.

Ita kuwa tsohuwar, ku bi ta a hankali. Galibi ɓarnar da yoyon ruwa ya yi wa silin da bango, inshorar ginin ce ke ɗauka, ko daga gidan wa ruwan ya fito. Ba a cika ɗora wa maƙwabci biya ba sai in sakaci ya tabbata, misali an gaya masa famfo yana zuba ya yi biris. Bututun da ya tsufa ya fashe a ƙarƙashin baho ba lalle laifin kowa ba ne. Mace ce mai shekaru, ita kaɗai, wataƙila ta fi ki firgita. Ki hau ki ƙwanƙwasa mata ƙofa da fara'a, ki tambaye ta ko an kira mai gyaran famfo, domin in ba a toshe inda ruwan ke fita ba, duk gyaran da aka yi a ƙasa aikin banza ne. Ki roƙe ta ita ma ta sanar da ejan a rubuce. Haƙƙin maƙwabtaka bai san launin fata ba, kuma wanda ya daɗe a bene irin haka sau da yawa shi ke da tsoffin takardun da kowa ya rasa.

Maganar da ta fi yi miki ciwo ita ce ta cewa kin sayi gidan da ba naku ba, na ji ta a cikin rubutunki. Filin gado ba ƙasa ba ce kawai, akwai ƙamshin iyaye a jikinsa, kuma kin rabu da shi ne don yaranki su samu inda za su sa haƙarƙarinsu ba tare da mai gidan haya ya ba ku notis ba. Wannan ba wauta ba ce. Shekara 118 wa'adi ne mai kyau, damuwa takan fara ne idan ya doshi shekara 80, kuma doka ta ba masu gida irinku damar tsawaita shi. Ko a gida Najeriya, tun dokar filaye ta 1978 ƙasa a hannun gwamna take a matsayin amana, takardar mallakar da ake ba mutane yawanci ta shekara 99 ce, kuma ba wanda ya taɓa cewa gidan nasa ba nasa ba ne. Ina kyautata zaton tsoro ne ke magana a bakin maigida: ga biyan banki zai ƙaru, ga yara suna kwana ƙarƙashin sili mai ɗiga, shi kuma bai san ƙofar da zai buga ba. Hakan bai halatta masa gori ba, kuma ya dace ki gaya masa, a lokacin da kuke cikin nishaɗi ba a tsakiyar faɗa ba, cewa kalmar tana sosa miki rai. Sannan ki ba shi aiki a hannu. Ke kina da aikin dare da na rana, shi ya zagaya gidajen 13 ya ji ko akwai wanda ya taɓa ganin takardar, da nawa aka caji kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wasiƙa mai sa hannun gidaje takwas ba a ajiye ta a ƙasan tire.

Batun banki, ki gaya wa lauya gaskiyar halin da ake ciki, ki ba shi kwafin wasiƙarki, ki ce shi ma ya rubuta wa ejan da takardar ofishinsa. Ki tambayi sabon bankin ranar da tayinsa zai ƙare da ko za a iya ƙara lokaci. Ki kuma tambayi bankinku na yanzu sabon farashin da zai ba ku in kun zauna da shi, domin sabunta yarjejeniya da banki ɗaya yawanci ba ya buƙatar aikin lauya. Ko ba ku ɗauka ba, ku san kuna da wurin fakewa idan lokaci ya ƙure.

Idan kwana 21 suka cika shiru, a rana ta 22 ki shigar da ƙorafi a hukumance ga kamfanin ejan ɗin, a nan ne za ki jero kwanakin da kika kira da alƙawuran da aka karya. Tun 2014 doka ta tilasta wa masu kula da gine-gine a Ingila shiga ɗaya daga cikin hukumomin sauraron koke da gwamnati ta amince da su, sunan tasu yana shafinsu na intanet ko a ƙasan wasiƙunsu, kuma bayan mako takwas ba a warware ba kina iya wucewa can. A ranar kuma ki sanar da sashen gidaje na ƙaramar hukumarku. Akwai Leasehold Advisory Service, hukuma ce da gwamnati ke ɗaukar nauyinta don ba masu gidajen wa'adi shawara kyauta, ki tuntuɓe su tun yanzu ma. In kuma, Allah Ya kiyaye, ta bayyana babu inshorar ko an bar ta ta mutu, to magana ta girma, a ranar za ki kira lauya ku kuma tara maƙwabta. Kotun musamman tana da ikon naɗa wani manaja a kan ginin, kuma wata doka ta 2002 ta ba mazauna damar karɓe ragamar kula da benensu idan aƙalla rabin gidajen suka shiga, ba sai sun tabbatar da laifin kowa ba. A benenku gidaje bakwai ke nan.

Amma kafin duk wannan, daren yau ki kwashe yaran daga ɗakin nan su kwana a falo. Silin da ya sha ruwa ya kumbura yana iya ruftowa ba sallama, kuma in tabon ya kusa da fitilar sama, a kashe wutar ɗakin daga akwatin lantarki har mai gyara ya duba. Ki rubuto mini idan amsarsu ta zo, mu karanta takardar tare. Allah Ya kawo mafita cikin sauƙi, ki gaishe mini da maigida da yaran.